Ranar da Don Anacleto Ya Ƙi Sare Hadari

A yankin San Ceferino, can cikin filayen kiwo na lardin Buenos Aires, in aka ambaci Don Anacleto Irigoin abu biyu ke faɗo wa mutum a rai: doki da gatari. Na dokin ba abin mamaki ba ne. A bukkar makiyaya aka haife shi, a ƙarshen wata babbar gonar shanu da mahaifinsa ke tsaro, kuma ya iya zaman sirdi tun bai iya sa wa kansa takalmi ba. Aji uku ya yi a makaranta, uban ya karye a ƙafa, aka ce ya dawo ya kama aiki. Ya yi wa masu gonar kiwo har kansa ya yi furfura, sannan ya sauka, ya sayi 'yan shanunsa, ya kama wani siririn fili a bakin rafin Las Garzas shi da matarsa Nélida, wadda ta daɗe tana dafa wa yaran makarantar ƙauye abinci. 'Ya'yansu biyu suna birni, sai Kirsimeti ake ganin ƙeyarsu.

Gatarin kuwa gadon uwarsa ne. Idan baƙin hadari ya taso, irin mai zubo ƙanƙara ya kwantar da alkama, Anacleto yakan fito tsakar gida kai ba hula, ya fuskanci gajimaren, ya zana gicciye a iska da gatarin, sannan ya kafta shi a ƙasa ya bar shi a tsaye. Sai a ce ya sare hadarin, ya rabu biyu ya wuce. Ko gatarin ne ke raba shi ko iska ce, ba a taɓa zama an tantance ba. Abin da aka sani shi ne manoman alkama sukan aiko masa in sama ta ɓaci, limamin cocin garin yakan yi kamar bai ji ba, shi kuma Anacleto ya yarda da abin nan kamar yadda ya yarda da hannunsa na dama.

Shekarar da ake magana, fari ya shiga shekara ta uku. Rafin ya ƙafe har gindinsa ya tsattsage. Shanu suka riƙa kwantawa ba su tashi. Duk wadda ta mutu Anacleto yakan feɗe ta ya shanya fatar a kan waya, don a nan ba a barin fata ta ruɓe ko da rai a ɓace. Har Morocha, baƙar saniyar da ke jan garken, ta bi sahu. Fatarta ce mafi faɗi a kan wayar, kuma Nélida ta daina bin ta wannan gefen in za ta ba kaji tsaba.

Wata safiya cikin watan Yuli, tsakiyar hunturu a wannan ƙasa, sanyi na yanka, ya sauka cikin rafin neman wani maraƙi da ya ɓata. A wani lanƙwasa inda gaɓa ta zube, ya ga wani abu kamar kifaffen ƙoƙo ya leƙo daga cikin ƙasa, faɗinsa ya kusa tsawon mutum. Ya tsaya ya dube shi, ya kora maraƙinsa ya koma gida.

“Tsohuwa, ashe an taɓa zama a lanƙwasan can,” in ji shi. “Na ga tanderunsu na gasa burodi, ƙasa ta binne shi.”

Nélida ba ta ɗago daga kwaɓin da take yi ba. “Tanderu a gindin rafi? Kifaye ne ke gashin?”

“Ni dai na faɗa miki abin da na gani.”

“Kai da ka taɓa ganin ɓarawo a jikin wandonka da na shanya.”

Duk da haka ta wanke hannu ta bi shi. Ta durƙusa ta share ƙasar da gefen zanenta. Bayan abin ba sumul yake ba, ƙananan faifai ne a manne da juna, kowanne da zane kamar fure. Ta daɗe tana shafawa.

“Anacleto, wannan bayan mulita ne.”

Mulita, 'yar dabbar nan mai sulke a baya da ke haƙa ramuka tana karya wa dawakai ƙafa, ba ta wuce a ɗauke ta da hannu ɗaya ba. Anacleto ya ci namanta tun yana yaro. Ya dubi matarsa, ya dubi abin, ya ce in dai mulita ce, to kakarsu ce ta farko. Daga ranar sunan ya bi ta: Kaka.

Suka aika wa Malama Griselda Pagano, wadda ke koyar da kimiyya a sakandaren garin, kuma ita ke riƙe da makullin ɗakin tarihi, wani ɗaki guda a tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Ta iso da yamma a 'yar motarta, ta tarar Anacleto ya cika bokiti biyu da ruwan rijiya zai wanke Kaka don baƙuwa ta gan ta da kyau, ga kuma igiyar zarge a rataye a sirdi.

“Don Anacleto! Ajiye bokitin nan, don Allah!”

“Ai ƙura ce kawai zan…”

“In ruwa ya taɓa ta, narkewa za ta yi kamar biskit a shayi. Igiyar fa ta mece ce?”

“Na ce ko in ɗan ja ta waje.”

Malamar ta dafe kai. Ta ce wannan ita masana ke kira giliftodon, dangin mulita ce ta nesa, nauyinta da rai ya kai na ƙaramar mota, kuma irinta sun ƙare fiye da shekara dubu goma. Ta tura hotuna ga masanan birnin La Plata, suka ba ta izini da bayanin yadda za ta yi: a tone kewaye a hankali, a lulluɓe sulken da tsumman buhu da farin simintin da likitoci ke ɗaure karaya da shi, in ya bushe a kawo injin ɗaga kaya. Injin na ƙaramar hukuma ne, yana can yana haƙa wa shanu tafkuna. Sai an jira.

Haka Anacleto ya zama ɗan aikin malama. Da safe ya duba shanu, da rana ya sauka rafi da cokalin magina da buroshin fenti. Hannun da ya saba murɗe wuyan bijimi ya koyi sharar ƙasa da gashin buroshi. Nélida takan kawo musu tafasasshen ruwa da ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake zuƙa a ƙasar, su zauna a inuwar gaɓa ƙoƙon na zagayawa.

A irin wannan zama ne malamar ta buɗe wani gwangwanin alewa ta nuna masa wasu ƙananan faifan ƙashi, kowanne bai kai farcen yatsa ba, waɗanda ta tsinta a shimfiɗar ƙasa ɗaya da Kaka.

“Waɗannan sun fi min ita daraja, kar ka faɗa mata,” in ji ta. “Na pichi ne.”

Pichi ya san shi. Yana saurayi ya taɓa kora tumaki zuwa kudu, ƙasar tsakuwa da ƙaya inda iska ba ta hutawa, a can ya ga wannan ƙaramin ɗan'uwan mulita da ke shigewa rami ya kwana duk tsawon sanyi.

“Pichi ba ya zama a nan, Malama. Ƙasarmu ta yi masa laima.”

“To ka gani. Amma ga shi ya zauna, ya mutu kusa da Kaka. Ke nan a zamaninsu nan wurin kamar kudun da ka sani yake: sanyi, bushewa, iska na kwasar ƙasa. Lokacin ƙanƙara ta rufe tsaunuka, teku ya ja baya. Babu wanda ya rubuta mana, dabbobin ne shaida. Kowace dabba tana da irin ƙasar da take so, in ka same ta a inda ba ta zama yau, ka san wurin ne ya sauya.”

Anacleto ya zuƙi mate. Can ya ce, “Ashe farin nan ya girmi gwamnati.”

“Kar ka faɗi haka a shago,” in ji Nélida, “za ka bar su ba abin zagi.”

A shagon kuwa an riga an sami abin faɗa. Sau biyu hadari ya haɗu cikin Agusta, sau biyu ya watse ba ɗigo. Wani ya ce ai dole, tunda mai gatari yana da mushen da yake tsoron ruwa ya taɓa. Maganar ta yi yawo har ta dawo ta bakin Rufino Sosa, maƙwabcinsa, wanda shi ya riƙe 'yar Anacleto a coci ranar baftismarta. Ya tsaya a kan doki a bakin gaɓa ya leƙo.

“Ɗan'uwa, an ce ka yi sabuwar amarya a rami, har kana mata farar riga.”

“Ta fi ka kyan gani, mai kan kabewa.”

“An kuma ce kai ke korar mana ruwa saboda ita.”

Anacleto ya ajiye buroshin. “Kai ma ka yarda?”

“Ni ban ce ba. Alkamata ce ke tambaya.”

Ya juya dokinsa ya tafi. Anacleto bai taɓa gatarin ba duk shekarar, amma bai bi shi da rantsuwa ba.

Ƙarshen Agusta ake jiran hadarin Santa Rosa, wanda ke rufe sanyi ya buɗe shuka. Ranar da ya zo, tun safe iskar arewa ta yi ɗumi, tururuwa suka fito da ƙwai a baka, kudu maso yamma ta yi baƙi ƙirin. Rediyo ta ce ana tafka ruwa can inda rafin ya taso. Duk wanda ya girma a wurin ya san abin da ke biye: Las Garzas ba ya cika a hankali, ruwan yakan zo ne gaba ɗaya, ya ci gaɓa ya tafi da ita. Kaka na zaune a lanƙwasa, daidai inda ya fi ci. Simintin ya bushe a samanta, amma gindinta na manne da ƙasa, injin kuma sai mako mai zuwa.

Malama Griselda ta zo ba ta ko rufe ƙofar mota ba. Ta dubi sama, ta dubi aikin da suka sha wahala a kai, ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

“Don Anacleto, ni malamar kimiyya ce, ban yarda da gatarinka ba. Amma in za ka gwada, zan juya baya.”

Shi kuwa ya yarda. A wurinsa ba wasa ba ne: in ya fita ya zana gicciyen, hadarin zai rabu, Kaka ta tsira. Sauran shanunsa kuma, da na Rufino, da alkamar kowa, su ci gaba da jira. Yana cikin wannan tunani ya hango ƙura a hanya. Rufino ne da wasu maza huɗu a kan dawakai. Suka ja linzami a ƙofar gida, ba wanda ya sauka.

“Mun zo gaisuwa,” in ji Rufino.

“Da hadari a ka?”

“Gaisuwa ba ta da lokaci.”

Anacleto ya shiga rumfa ya fito da gatarin. Mazan suka bi shi da kallo. Nélida na bakin ƙofa, hannu a ƙugu. Ya ratsa ta tsakanin dawakan, ya wuce tsakar gidan da ya saba tsayawa, hularsa na kansa, ya nufi layin itatuwan turare da ke bayan garke. Ya zaɓi wani miƙaƙƙe ya kafta masa sara.

“Ba zan kori ruwan masu rai saboda wadda ta riga ta mutu ba,” ya ce ba tare da ya waiwayo ba. “Amma ba zan bar ta a rami ba. Tunda kun kawo dawakai, ku sauko. Rufino, sanduna huɗu nake so irin wannan. Tsohuwa, ɗauko min fatar Morocha da ta jan bijimin nan.”

Rufino ya ce bari ya je ya kawo tarakta. Anacleto ya ce gaɓar ba za ta ɗauke ta ba, kuma tarakta fizga take yi, doki ne ke ja. Malamar ta tambayi abin da za a yi da fata. Aka gaya mata yadda kakanni ke jan kaya tun kafin a san amalanke a wannan ƙasa mai laka: a shimfiɗa fatar shanu gashi na ƙasa, a ɗora kayan, a huda gefe a zura igiya, a ɗaure a majanyin sirdi. Ta yi ɗan lissafi a ranta, ta ce simintin zai jure ja, abin da ba zai jure ba shi ne faɗuwa. Ta ce ita za ta faɗi inda za a sa sanda, kuma in ta ce a tsaya, a tsaya.

“Kun ji shugaba,” in ji Anacleto.

Nélida ta ɗinke fatun biyu da tsirkiya, bakinta na motsi, ba a san addu'a take ko zagi ba. Maza biyu suka kama sassabe gaɓar da shebur don a sami gangare. Sauran suka kwanta rub da ciki suna rarake ƙarƙashin Kaka, malamar na bin su tana cusa jiƙaƙƙen buhu da siminti a duk inda ƙashi ya bayyana. Wutsiyar dabbar, wani dogon bututun ƙashi, ta shige can cikin gaɓa, ba a gama tono ta ba. Malamar ta dube ta, ta dubi sama, ta ce a raba ta da jikin a gaɓar da ta riga ta tsage, in an fitar da babban a dawo mata.

Ɗigon farko ya sauka lokacin da suka sa sanduna. Manya-manyan ɗigo, masu tayar da ƙura. Wani daga cikin mazan ya cire hula ya ɗaga fuska sama yana dariya.

“Mai da hularka, Tito, ka kama sanda!” Nélida ta daka masa tsawa. “Ruwan ba gudu zai yi ba.”

Suka danna. Kaka ta yi wata ƙara kamar an buɗe tsohuwar ƙofa, ta saki ƙasar da ta riƙe ta, ta karkata a hankali, malamar na ihun “Sannu! Sannu! Tsaya! To, ci gaba!” har ta kwanta a kan fatar. Aka ɗaure ta tamau. Dawakai shida aka jera, biyar na baƙin da Gateado, tsohon dokin Anacleto, a gaba.

Kafin su hau, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Fatar ta ji laima ta yi santsi, abin da ake so ke nan, amma kofatan dawakai su ma suka fara zamewa a gangaren. Ja na farko ya kai su rabi, dokin Rufino ya durƙusa, kayan ya dawo baya taku guda, malamar ta rufe ido. Nélida ta ruga rumfa ta rungumo ragowar busasshiyar ciyawar da suke tattali saboda maruƙa, ta watsa a gangaren. Anacleto ya dubi ciyawar, ya dubi matarsa. Ya sunkuya ya yi wa Gateado magana a kunne, sannan ya yi fito, dogon fiton da yake tashin garke da shi.

Dawakan suka jingina gaba a tare. Ba gudu, ba fizga. Igiyoyi suka miƙe suna tsiyayar ruwa, Kaka ta taho tana shafar laka, ta hau, ta hau, har ta tsallake bakin gaɓa ta zauna a kan fili. Ba su tsaya ba sai da suka shigar da ita rumfa.

Malamar ta juya za ta koma wa wutsiyar, Rufino ya riƙe mata hannun riga. Ba sai ya yi bayani ba, ana jin rugugin ruwa yana tahowa ta cikin rafin. Suka tsaya a bakin gaɓa cikin ruwan suka ga jan ruwa ya kwararo da rassa da kumfa, ya cika ramin da suka tona, ya ci lanƙwasan ya wuce da wutsiyar. Ta laluba aljihun rigar ruwanta, gwangwanin alewar na nan. Ta zauna a laka ta yi kuka kaɗan, sannan ta nemi mate.

Rufino ya ɗauko gatarin daga inda aka yar da shi, ya goge lakar a wandonsa, ya miƙa wa mai shi.

“Ɗan'uwa, amaryar taka nauyi gare ta.”

“Ai ba irin alkamarka ba ce, da iska ke ɗauka.”

An yi kwanaki ana ruwa. Alkamar ba ta yi yadda ake so ba, amma an girba. Daga shanun Anacleto, waɗanda suka kai ranar sun rayu.

Kaka tana ɗakin tarihi na tsohuwar tasha yanzu. Masanan La Plata sun zo sun cire mata simintin, suka tarar tsaga ɗaya ce kawai a gefen hagu, suka ɗinke. Faifan pichi suna cikin ƙaramin akwatin gilashi kusa da ita, tare da bayanin da malamar ta rubuta kan sanyi da bushewar wancan zamani. An so a yar da fatun, Nélida ta ce ba a isa ba. Suna nan a shimfiɗe ƙarƙashin sulken, gashin Morocha ya goge a tsakiya inda ya sha laka.

Anacleto ya haura saba'in. Ran Lahadi bayan coci yakan sa farar rigarsa da jan ƙyallen wuya, ya ɗaure Gateado a jikin tsohuwar fitilar tasha, ya zauna a kujera kusa da ƙofa. Ba aikinsa ba ne, ba wanda ya sa shi. Baƙi sukan nufi babban sulken kai tsaye, shi kuma ya ja su zuwa ƙaramin akwatin tukuna, ya ce su fara da wannan, shi ne mai labarin. Rufino yakan leƙo wani lokaci ya gaya musu dokinsa ne ya yi rabin jan. Anacleto ya ce ƙwarai, a durƙushe.

Kusan kullum sai an sami mai tambayar ina wutsiyar. Yakan gyara hula ya ce rafin ya yi dubban shekaru yana riƙon Kaka, bai ci a raba shi da ita a bar shi hannu wofi ba.